Daga Ƙofar Dawanau Zuwa Dala: Birnin Da Ya Cinye Dajinsa

A shekarar 1824 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Hugh Clapperton, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdullahi, ya sauka a Kano ya yi makonni. A bayanin da ya rubuta game da birnin, ya nuna cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba, ragowar duk gonaki ne da lambuna. Ya ambaci fadamar Jakara da ta kusa raba garin biyu, inda agwagin daji da manyan tsuntsayen ruwa da ungulaye suke yini. A 1851 kuma Bajamushe Heinrich Barth, wato Abdulkarim, ya hau Dutsen Dala ya zana hoton birnin daga can, shi ma ya tarar da filaye da kududdufai da itatuwa birjik tsakanin unguwanni.

Ba sakaci ne ya bar wannan fili ba. Da gangan magabata suka yalwata ganuwa, domin idan abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya a sami inda za a yi noma, a kuma killace dabbobi. Mafi yawan filin kuwa a arewa da yammacin birni yake, wajen Ƙofar Ruwa da Ƙofar Dawanau da Ƙofar Waika da Ƙofar Kansakali. Har cikin ƙarni na 20 ana shuka gero da dawa a wannan sashe, a cikin badala.

Yau wanda ya tsaya a Ƙofar Dawanau ya waiga gabas da yamma, bulo da kwano kawai zai gani. Ƙaramar hukumar Dala, wadda faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 19 ba, ta haura mutum 400,000 tun a ƙidayar 2006. A bayan ƙofar ma haka abin yake: Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa sun haɗe da juna a kan hanyar Katsina, gari ya miƙe har ya doshi kasuwar hatsi ta Dawanau. A duk wannan yanki babu ko taƙi ɗaya da aka keɓe aka ce na itatuwa ne da tsuntsaye, inda magidanci zai kai iyalinsa shan iska ranar da ba aiki. Amma kuma halittun ba su ƙare ba. Sun maƙale ne a 'yan guraben da suka rage, kuma waɗannan guraben su ne jarin da Kano take da shi idan tana son gyara.

Abin da mai ido zai gani

Lokacin kallo shi ne bayan sallar asuba, kafin ƙarar Adaidaita Sahu ta rufe gari. Wurin kallo kuwa babu kamar Dala. Dutsen ya kai mita 534 daga doron teku, kuma an yi masa matakala, don haka yaro da babba duk suna iya hawa. Samari masu motsa jiki sun riga kowa sanin daɗinsa, wasu su hau da gudu su sauko su sake hawa. Daga sama ana hango hasumiyoyin Babban Masallaci da Gidan Rumfa, ana hango Goron Dutse da tankin ruwansa a yamma, ana ganin jirage suna sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano.

Mai kallon tsuntsu ba gari yake dubawa ba, sararin da ke gabansa yake dubawa. A ƙasa, shirwa ɗigo ce a sama. A kan Dala kuwa daidai idonka take wucewa. A nan za ka ga yadda take tafiya ba ta kaɗa fiffike, iska mai ɗumi da ke tasowa daga dutse ce ke ɗauke da ita, jelarta mai baki biyu tana karkatawa dama da hagu, kanta a sunkuye tana leƙen tsakar gidajen mutane. Da ta hango ɗan tsako ko guntun nama, sai ta naɗe ta sulmiyo. Hasbiya mai jan da'ira a ido tana fakewa a tsagar duwatsu da saman gine-gine. Kurciya tana kiwo a ƙasa bibbiyu. Hankaka da farin ƙirjinsa yana bin juji. Tsattsewa tana yanka iska tana kama ƙwari. A kan dutsen kansa jan gwada na gyaɗa kai a hantsi. Da yamma kuma, gab da magariba, belbelu ke dawowa daga kiwo sahu-sahu, su nufi bishiyar da suka saba kwana, su yi mata fari fat.

Kowane lokaci na shekara da baƙinsa. Idan bazara ta yi nisa, zafi ya kai intaha, sai a wayi gari a ga shamuwa. Baƙa ce mai farin ciki, kuma a lokacin sheƙa fuskarta takan yi shuɗi da ɗan ja a gefen ido. Ba ta gudun mutane. A tsakiyar gari take tara kirare ta yi gida a kan kuka ko tsamiya, kuma tun ana yara ake jan kunnen kowa kada ya taɓa ƙwanta. Manomi na ganinta ya san lokacin gyaran gona ya yi. Amfaninta bai tsaya ga albishir ba, domin fara da tsutsa ne abincinta. Idan kaka ta yi, sai ta kwashi 'ya'yanta ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke farawa a sa'ad da tamu ke ƙarewa.

Tana tafiya wasu baƙin na isowa. Daga watan Satumba zuwa Oktoba tsuntsayen Turai da ke gudun sanyi suke ƙetaro Bahar Rum da hamadar Sahara su sauka a ƙasar Hausa. Wasunsu nauyinsu bai kai giram 20 ba. Akwai ɗan ƙarami mai ciki ruwan ɗorawa da ke bin ƙafafun shanu yana kaɗa jela sama da ƙasa. Wanda bai sani ba zai ɗauka ɗan gida ne, alhali wataƙila a wata makiyaya ta Turai aka ƙyanƙyashe shi. Suna nan har Maris ko Afrilu, sannan su juya.

Duk wannan hada-hada a kan itatuwa ta dogara, musamman tsofaffin itatuwan gida. Ceɗiya da durumi da kanya idan sun yi 'ya'ya, tsirya da jemagu ba sa barinsu. Gawo, da yake da rani yake fitar da ganye, shi ne inuwar tsuntsaye a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Cilakowa kuwa ba ta da gida sai kogon bishiya. Macen takan shiga kogon ta toshe bakinsa da laka da kashinta, ta bar 'yar tsaga kawai. Ta nan namijin yake miƙo mata abinci, makonni a jere, har ta ƙyanƙyashe. Darbejiya, 'yar asalin Indiya da aka kawo a zamanin Turawa, ta cika titunan Kano da inuwa, kuma ba a raina ta ba, amma sabon dashe ba ya yin kogo. Idan aka sare tsohuwar kuka guda, an rushe gidan mujiya da cilakowa da zuma gaba ɗaya. Shi ya sa a yau maƙabartu, irin ta Dandolo da ke Goron Dutse, da harabar tsofaffin makarantu da asibitoci, suka zama mafakar tsuntsayen birni: nan ne kaɗai gatari ke jin kunya.

Waɗanda aka nema aka rasa

Duk wanda ya haura shekara 40 a Kano ya san lokacin da ungulu ba abin kallo ba ce. Tana kan rufin mahauta, tana bakin kasuwa, tana kan tsamiya, har Bahaushe ya ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Yau akwai matasa da yawa da suka san karin maganar amma ba su taɓa ganin mai ita ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya irin ungulun da muka saba da ita a jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Dalilan sanannu ne: ana kama ta ana sayar da kai da ƙafafu da ƙwai ga masu tsubbu, tana cin mushen da aka sa wa guba, ga sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, don haka abin da aka kashe a wata guda sai a yi shekaru ba a mayar ba. Aikin da take yi kyauta na kwashe mushe kafin ya ruɓe, yanzu ya koma hannun karnuka da ƙudaje.

Gauraka ma haka. Tsuntsu ne da ake ɗauka a matsayin alamar Nijeriya, mai tukku ruwan zinariya, wanda sarakuna da attajirai ke ajiyewa a gida don ado. Kamun da ake yi masa da bushewar fadamu sun sa da wuya a gan shi a dajin ƙasar nan yanzu.

Asarar da ta fi kowace girma ita ce ta ruwa. Kududdufan Kano ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina ganuwa da gidaje. Da damina su cika, su riƙe ruwa har cikin rani. A bakinsu ake ganin zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya, da zakaran ƙeƙuwa mai yawan tsiwa, da kirinjijiya masu fito idan sun tashi. Gaskiya ne an mai da da yawansu juji, sun zama matattarar sauro, kuma yara sun sha nitsewa a ciki. To amma maganin da aka zaɓa shi ne cikewa da shara a yanka fuloti. Jakara kanta an ɗaure ta da kankare, kuma a wa'adin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu aka fara aikin shimfiɗa titi a kanta, wanda ake kira Wuju-Wuju. Ruwan saman da kududdufai ke shanyewa a da, yanzu ba shi da masauki sai tituna da ɗakunan mutane. Tsuntsu ya rasa wurin sha, mai gida ya rasa barci duk daren da hadari ya haɗo.

Na kusa a keji, na sake a nesa

Idan Bakano ya ce zai kai yara kallon namun daji, Gidan Zoo yake nufi. Gwamna Audu Baƙo ne ya kafa shi a farkon shekarun 1970, a fili mai kimanin hekta 46 da a lokacin yake bayan gari. Yau gari ya kewaye shi ta ko'ina, kuma da bikin sallah sai an yi da gaske ake samun wurin sa ƙafa. Cikar da yake yi shaida ce cewa mutanen Kano suna ƙishirwar irin wannan wuri. Ban da zaki da kura da jimina da ke cikin keji, manyan itatuwansa sun sa ya zama ɗaya daga cikin wurare mafi yawan tsuntsayen sake a birnin. A watan Oktoban 2019 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa, unguwannin kewaye suka kwana cikin zullumi kafin a mayar da shi. A 2020 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ba da sanarwar za ta mayar da gidan zuwa Tiga, bisa hujjar cewa cunkoso da hayaniya sun dami dabbobin. Jama'a da dama sun yi ƙorafi, domin tambayar da ke bakin kowa ita ce: idan an kwashe dabbobin, me za a yi da filin?

Ainihin daji kuwa yana da nisa. Falgore na kimanin kilomita 150 kudu da Kano a kan hanyar Jos, ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya aka mai da shi na namun daji. Farauta da sare itace da kiwo sun rage masa albarka, fargabar 'yan fashi kuma ta sa ba kowa ke sha'awar tsayawa a ciki ba.

Ta gabas akwai dausayin Haɗeja da Nguru, inda dubban agwagin Turai ke sauka da hunturu. Baturiya da ke Jigawa ta shiga jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Dagona da ke Yobe ta karɓi baƙuncin Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, a 1989. Can ma akwai damuwa: madatsun ruwa na Tiga da Challawa sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga Falgore da Baturiya, tare da wasu wurare 8, zuwa matsayin gandun daji na ƙasa.

Duk da haka, leburan da ke zaune a Kurna ko malamar makarantar da ke Gwammaja ba za su ɗauki yara biyar su yi tafiyar awa uku don kallon agwagi ba. Kuɗin mota kaɗai ya isa ya kashe maganar. Wurin da zai yi musu amfani shi ne wanda za su je da ƙafa ko a Adaidaita Sahu, su dawo kafin azahar.

Ba sai fili ya yi yawa ba

Wasu garuruwan sun nuna ƙaramin wuri ma ya wadatar. A Legas, inda fili ya fi tsada a duk ƙasar nan, Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, NCF, ta killace hekta 78 a Lekki a 1990. Yau benaye sun kewaye wurin, amma a ciki akwai birai da kadoji da tsuntsaye, ga gadar sama mai tsawon mita 401 da ake bi ta saman itatuwa. Mutane na biyan kuɗi su shiga, makarantu na kai ɗalibai.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne dajin Amurum da ke Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos. Faɗinsa wajen hekta 300 ne kawai, duwatsu da kurmi da ciyawa, kuma mutanen garin ne suka yarda aka keɓe shi. An ƙirga nau'in tsuntsaye kusan 300 a ciki, wato kusan kashi ɗaya bisa uku na nau'i sama da 900 da ake da su a Nijeriya. A nan aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, take horar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma. 'Ya'yan ƙauyen da dama sun sami aiki a matsayin masu rakiya da masu taimaka wa bincike, saboda sun san kukan kowane tsuntsu tun suna kiwo.

Daga wannan cibiya ne aka ƙaddamar da shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, kuma akwai tawagar Arewa da ke aikin a jihohinmu. Tsarin mai sauƙi ne. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye, 9 a kwance. Mai sa kai zai shiga gida guda ya yi aƙalla awa 2 yana zagawa, duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa ya shigar a manhajar BirdLasser da ke wayarsa. Ba a bukatar digiri. Madubin hangen nesa yana taimakawa, amma ido da kunne da haƙuri su ne kan gaba. Kano kuwa tana da ma'aunin da za ta gwada: a 1981 mujallar Malimbus ta buga jerin tsuntsayen Jihar Kano na R. E. Sharland da Roger Wilkinson, tun Jigawa na cikinta. Duk wanda ya ɗauki wannan jeri ya zaga da shi yau zai san abin da ya rage da abin da ya tafi.

Akwai kuma wani ilimin da ba ya cikin kowace mujalla. Tsofaffin maharba da 'yan farauta da masu kiwon tattabaru da kanari sun san sunayen tsuntsaye da halayensu ciki da bai. Maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi ya durƙusa yana rarrafe har ya kusanci nama, ya karanci tafiyar burtu fiye da yadda littafi zai koyar. Irin waɗannan mutane su ne za su fi dacewa da aikin gadi da rakiya idan an sami wuri, kuma sana'ar nuna tsuntsu ga baƙo ta fi ta kashe shi ɗorewa.

Hurumin da ya rage

Keɓe fili don amfanin kowa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kowane gari yana da huruminsa: makiyaya, burtali, maƙabarta, filin idi, bakin rafi, wuraren da ba mai ikon cewa nasa ne shi kaɗai. Ganuwar Kano ma a bisa doka haka take. Tana cikin kayan tarihi na ƙasa, kuma tun 2007 take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO tare da Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa. Sai dai doka a takarda ba ta hana a ɗebi ƙasar badala a yi bulo ba, ba ta kuma hana a kafa shago a kanta ba.

Abin da ake bukata a wannan sashe na birni bai fi ƙarfin jiha ba. Da farko a shata iyakar abin da ya rage na badala tsakanin Ƙofar Ruwa da Ƙofar Kansakali, a dasa itatuwan gida a gefenta, a bar hanyar ƙafa. A tsare gindin Dala da na Goron Dutse daga gini da zubar da shara, a sa masu gadi da fitila da wurin zama, yadda mata da yara za su hau ba tare da fargabar 'yan shaye-shaye ba. Kududdufan da suka tsira a yashe su, a kewaye su, a daina kallonsu a matsayin fulotin da bai riga ya bushe ba. A yi wa manyan itatuwa rajista unguwa-unguwa a hannun masu unguwanni, yadda ba mai sare kuka ko tsamiya sai da izini. A can bayan gari kuma, ta hanyar Dawanau da Bichi, inda har yanzu akwai gonaki da fadamu, a yanki ko da hekta 50 ne a ajiye tun kafin dillalai su isa.

Wannan aiki ne na ma'aikatar muhalli da hukumar tsara birni ta KNUPDA da masarauta da jami'o'in da ke garin, kuma babu ɗayansu da zai ce bai san yadda gari ke tafiya ba. Gini ana iya rushe shi a sake wani, titi ana iya faɗaɗa shi baɗi. Amma filin da aka yanka aka raba takardu ya tafi ke nan, kuma kukar da aka sare yau, jikan mai saren ma ba zai ga madadinta ba. Kowace shekara aka jinkirta, farashin filin na ƙaruwa, abin da za a ceta kuma na raguwa.